Darasi na Bakwai: Hausar Kanikawa da Rubutun Bayani

7.1 Gabatarwa

Kowace sana'a tana da keɓaɓɓun kalmominta, kuma malamin Hausa ba zai wadatu da na saƙa da ƙira da jima kawai ba, alhali da yawa daga cikin ɗalibansa a gareji suke yini bayan an tashi makaranta. Saboda haka wannan darasi zai ɗauki aiki guda na kanikanci, wato mayar da tsohuwar akori-kura mai jan ƙafa biyu ta koma mai jan ƙafa huɗu, domin a ga yadda ake bayyana shi da daidaitacciyar Hausa.

7.2 Yadda Aikin Yake

Titin da ya taso daga Funtuwa ya ratsa Tsafe da Gusau da Bunguɗu zuwa Sakkwato na kwalta ne, kowace mota tana iya binsa. Wahalar tana kan hanyoyin da suka ratse zuwa ƙauyuka da fadamun Gulbin Sakkwato, inda laka take riƙe mota da damina, yashi kuma ya riƙe ta da rani. Direban da ya kafe da buhunan dawa ko waken suya ya rasa cin kasuwar ranar, ga kuɗin masu turi. Wannan ne yake sa wasu tunanin sauya motar.

A akori-kura irin Peugeot 504, wadda kamfanin PAN da ya fara aiki a Kaduna a 1975 ya daɗe yana haɗawa, ƙarfin injin yana bi ta kuloci zuwa giyabos, daga nan farfela ta kai shi ga aksul na baya. Tayoyin gaba tura su kawai ake yi. Kafin su ma su ja, sai an ɗaura wani akwatin giya a bayan giyabos wanda zai raba ƙarfin gida biyu. Sai a ƙara farfela ta biyu da za ta nufi gaba, a rage tsawon ta baya, a kuma sa aksul na gaba mai gaɓoɓin da za su bar taya ta juya yayin da ake karya sitiyari. Duk waɗannan suna buƙatar mazauni a jikin shasi, wanda sai da walda.

Inda aka fi yin kuskure shi ne lissafin haƙoran giya. Idan farfela tana juyawa sau 4 kafin tayar baya ta juya sau 1, tilas ne a gaba ma ya zama haka, kuma girman tayoyin huɗu ya zama ɗaya. In ba haka ba, gaba da baya za su riƙa jayayya har haƙoran su kakkarye. Waldar da ba ta kama ba kuwa, musamman kusa da sitiyari, maganar rai ce, domin akori-kurar ƙauye ba ta rasa fasinja a kan kaya.

Aikin yana yiwuwa. Kamfanin Dangel na Faransa ya yi suna da shi a kan 504 tun farkon shekarun 1980, sai dai da kayan da aka ƙera musamman. A garejin gida ya fi sauƙi ga mota irin Toyota Hilux, wadda aka fara fitar da mai jan ƙafa huɗunta a 1979, don ana iya ciro kayan daga 'yar'uwarta da ta mutu. Duk da haka, idan aka haɗa kuɗin kaya da ladan aiki da ƙarin shan mai, musamman bayan janye tallafin fetur a 2023, sau da yawa gara a sayar da motar a cika kuɗi a sayi wadda aka ƙera a haka.

7.3 Nazarin Kalmomi

Kalmar akori-kura harɗaɗɗiya ce, daga jimlar "a kori kura" aka gina ta. Saura kuwa galibi aro ne daga Ingilishi da aka hausantar. A farfela, baƙin p ya koma f. A birki da sifirin an saƙala wasali tsakanin baƙaƙen da suka haɗu a farkon kalma, tunda tsarin gaɓar Hausa bai yarda da hakan ba. A lura kuma cewa Hausa ta ba mota ƙafa da haƙora, har tana cewa ta mutu. Ɗalibi Bazamfare zai ce ƙahwa, kuma daidai ne a karin harshensa. Aikin malami shi ne ya nuna masa cewa ƙafa ake rubutawa, ba tare da ya kushe karin ba.

7.4 Jinga

Ka ziyarci gareji mafi kusa da kai, ka tattaro sunayen sassan mota 15 kamar yadda kanikawa suke furta su, ka ware na aro da na gida. Sannan ka rubuta sakin layi biyu da za ka bayyana wa ɗaliban aji uku na ƙaramar sakandare dalilin da ya sa dole girman tayoyin gaba da na baya ya zama ɗaya.