SALGAR DA ZA TA BA KA TAKI: WACE IRI TA DACE DA GIDANKA?

Ya kai mai gida, ko a Ƙaura Namoda ka ke, ko Shinkafi, ko Zurmi, ko wani ƙauye na tsakaninsu, wannan darasi naka ne. Ka karanta shi da kyau. In akwai maƙwabcinka da bai iya karatu ba, ka karanta masa.

1. Abin da ya sa a ke bukatar salga

Kashin mutum shi ne gidan cututtuka masu yawa. Cikinsa a ke samun ƙwayoyin amai da gudawa, watau kwalara, da na atuni, da na zazzaɓin taifot, da ƙwan tsutsar ciki. Ido ba ya ganinsu. In mutum ya yi bayan gida a fili, ƙuda ya sauka a kai, sa'an nan ya tashi ya sauka kan tuwo ko bakin jariri. Ruwan sama kuma ya kwashe saura ya kai rijiya, ko tafki, ko gulbi.

Ka tuna gulbin Gagare da ke wucewa ta Ƙaura, da Bunsuru da ke ratsa ƙasar Zurmi, duk gangarawa su ke yi wajen Shinkafi da Isa, su zuba cikin Rima. Abin da aka zubar sama, na ƙasa shi ke sha. A shekarar 2021 kwalara ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,000, Zamfara kuwa tana cikin jihohin da abin ya fi tsanani. A 2019 Gwamnatin Tarayya ta ɗaura yaƙi da yin bayan gida a fili, a 2022 kuwa Jigawa ta zama jiha ta farko da aka shaida ta rabu da wannan al'ada. Abin da Jigawa ta yi ba ya gagarar mu.

2. Tambayoyi uku kafin ka ɗauki diga

Salga ba iri ɗaya ba ce. Kada ka haƙa don ka ga irin ta wane. Ka fara tambayar kanka abu uku.

Na ɗaya, wace irin ƙasa ce a gidanka? Jigawa tana shanye ruwa, amma tana rufta wa. Marmara tana da wuyar haƙa, amma tana riƙe baki. A fadama da bakin gulbi ruwa kusa ya ke, rami mai zurfi zai tarar da shi ya ɓata shi.

Na biyu, ina faɗin filinka? Gidan cikin garin Ƙaura, inda jama'a ta yi ta taruwa tun zuwan jirgin ƙasa a 1929, ba daidai ya ke da gidan gona ba.

Na uku, zaman dindindin ka ke yi, ko na ɗan lokaci? Mun san akwai waɗanda rashin zaman lafiya ya raba da ƙauyukansu, suna zaune cikin bukka ko rumfa a gefen gari. Su ma akwai irin da ta dace da su.

3. Iri na farko: salga mai bututu

Wannan rami ɗaya ne mai zurfi, irin wanda ka saba gani, amma an ƙara masa dabara. A kan kafa bututu mai faɗin inci 4 daga cikin ramin, ya zarce rufin ɗaki da kamar ƙafa ɗaya da rabi. A ɗaure bakinsa na sama da wayar sauro. Iska in ta bi ta kan bututun sai ta zuƙe wari ta fitar. Ƙuda kuwa haske ya ke bi. In cikin ɗakin da ɗan duhu, sai ya hau bututun, waya ta tare shi, ya mutu a nan. Wani masani, Peter Morgan, shi ya fito da wannan dabara a ƙasar Zimbabuwe cikin shekarun 1970.

Tana da kyau ga mai zaman dindindin, mai ƙasa mai ƙarfi. Aibinta ɗaya: ran da ta cika, sai ka nemi sabon wuri, ko ka biya a kwashe. Kwasar ɗanyen kashi kuwa hatsari ce ga mai kwasa da dukan unguwa.

4. Iri na biyu: salga mai tafiya

Wannan ta mai ƙaramin ƙarfi ce, da mai gidan gona, da mai zaman ɗan lokaci. Haƙa rami mai zurfin ƙafa 3 kawai, faɗinsa ƙafa biyu da rabi. Ɗaga bakinsa da ƙasa ko tubali don kada ruwan sama ya kwarara ciki. Ɗora dandamalin siminti marar nauyi, wanda magina ke kira silab, wanda mutum biyu za su iya ɗagawa. Kewaye da zana.

Duk wanda ya gama, ya zuba gwangwani ɗaya na busasshiyar ƙasa gauraye da toka. Wata shida zuwa shekara, gwargwadon yawan iyalinka, ramin zai kusa cika. Kada ka bari ya kai baki. Ɗauke silab da zana ka kai sabon rami. Rufe tsohon da ƙasa mai kyau, kaurin inci 6 ko fiye. Da damina ta sauka, dasa itace a kai: gwanda, ko gwaba, ko mangwaro, ko zogale, ko dogonyaro. Ka kange shi saboda awaki.

A wannan iri ba ka taɓa kashi ko kaɗan. Itacen ne zai ci, kai kuma ka ci 'ya'yansa, ka sha inuwa. In kuwa Allah ya kawo sauƙi ka koma gida, ka ɗauki silab ɗinka a amalanke, ka bar wa mai fili itace, ba ƙazanta ba.

5. Iri na uku: salga mai rami biyu

Wannan ita ce ta mai son taki. Haƙa rami biyu kusa da juna, kowanne zurfinsa ƙafa 4 zuwa 5. In ƙasarka jigawa ce, gina cikinsu da tubali, ka bar 'yan kafofi tsakani don ruwa ya tsane. Kada ka dafe gindin rami da siminti. Shimfiɗa busasshen ganye a ƙasa.

Fara da rami ɗaya, ɗayan ka rufe shi. Bayan kowane amfani a zuba ƙasa da toka. Sau ɗaya a mako a ƙara ganye ko ƙaiƙayi. Ramin ya kan ishi gida mai mutum shida shekara guda. In ya cika, rufe shi da ƙasa, ka mai da silab kan na biyu. Ka riƙe ranar, ko ka rubuta ta a bango.

To, ga inda maganar ta ke. Lalle ne ramin da aka rufe ya yi shekara guda cur ba a taɓa shi ba. In ka iya barin sa ya fi haka, ya fi kyau. Ƙwayoyin kwalara ba su daɗewa a busasshen wuri, amma ƙwan tsutsar ciki taurin rai gare shi, yana yin watanni da yawa bai mutu ba. Zafi, da bushewa, da toka, da tsawon lokaci, su ke kashe shi. Mai gaggawa ba taki zai kwasa ba, cuta zai kwasa.

In lokaci ya cika, za ka tarar da abu baƙi, mai gari-gari, mai ƙanshin ƙasa. Kwashe da shebur, da takalmi a ƙafarka. Kai shi gonar gero, ko dawa, ko masara, ko auduga, kafin shuka, ka rufe da ƙasa. Kada ka sa wa abin da a ke ci ɗanye, kamar latas da tumatir da karas. In ka gama, wanke hannu da sabulu.

Ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A shekarar 2009 manoman ƙauyukan Agiye, cikin jihar Maraɗi ta Nijar, sun gwada irin wannan aiki. Abin da ya fito daga rami suka kira shi taki busasshe. Fitsari kuma suka riƙa tara shi a jarka, su toshe ya yi wata guda, suka kira shi takin ruwa. In zuciyarka tana ƙyama, ko kana da tambaya ta addini, je wurin malaminka. In ba ka natsu ba, salga mai tafiya ta ishe ka.

6. Inda za ka haƙa

Ko wace iri ka zaɓa, ta yi nisa da rijiya ƙafa 100, watau mita 30. Ta kasance a gangare, rijiya a tudu. Gindin rami ya tsaya ƙafa 5 ko fiye bisa inda ruwa ke kaiwa da damina. Mai tsohuwar rijiya kusa da kai zai gaya maka iyakar ruwa a watan Agusta. In kana bakin fadama, tara ƙasa ka yi tudu, ka yi gajeren rami a kai. Kada mai tsugunawa ya fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya. Lokacin haƙa shi ne rani, bayan an kai amfani rumbu.

7. Salga ta yi kyaun gani

Wani zai ce, mene ne na ƙawata salga? To, salga mai wari da duhu da ƙazanta, yaro ba ya shiga, mace ba ta shiga da dare, baƙo kuma kunya za ka ji ka nuna masa. Sai a koma bayan gari, aikinka ya tashi banza.

Saboda haka a goge silab ya yi sumul don ya wanku. Ramin tsugunawa ya zama ƙarami, yadda ƙafar yaro ba za ta faɗa ba. A yi masa murfi mai mariƙi, sai dai mai bututu ba a toshe bakinta, don iska ta shiga. A shafa farar ƙasa a bango. A sa ƙyaure mai sakata don sutura. A ajiye tukunyar toka a ciki, buta da sabulu a ƙofa.

Ruwan tsarki ba ya ɓata rami in ba yawa. Amma ruwan wanka da na wanki a yi musu wuri dabam. Kada a jefa leda, ko kwalba, ko tsumma, ko batir. Kada a zuba kananzir ko maganin ƙwari, gama suna kashe ƙananan halittun da ke mai da kashi ƙasa. Uwar gida ta riƙa zuba kashin jariri cikin salga, don shi ma cuta gare shi kamar na babba.

In kana neman ƙarin bayani, tambayi duba-gari na ƙaramar hukumarku, ko ma'aikacin asibitin da ke kusa da kai. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Ƙafa nawa za a bari tsakanin salga da rijiya?
2. Me a ke zubawa a rami bayan kowane amfani?
3. Don me a ke jira shekara guda kafin a kwashe taki?
4. Wace iri ta dace da mai zaman ɗan lokaci?
5. Cikin uku ɗin nan, wacce za ka haƙa bana?