Haɗa Ruwan Asid na Gyaran Fata a Gida

Mata da yawa suna son fuskarsu ta yi sumul, musamman idan biki ya gabato. Tun dā ana gyaran jiki da dilka, kurkur, nono da lemun tsami. Yanzu kuma wasu suna sayen asid a kwalba, su haɗa shi da kansu. Wannan ruwa shi ake kira siram. A wannan darasi za mu ga yadda asid yake aiki a fata, dalilin da ya sa haɗa shi a gida yake da haɗari, da abin da za ku iya yi ba tare da kun cutu ba.

Yadda fata take sabunta kanta

Fata tana da hawa-hawa. Hawan da ke sama matattun ƙwayoyi ne, su ne suke tsare jiki daga rana, ƙura da ƙwayoyin cuta. Sababbi suna tasowa daga ƙasa, tsofaffi suna zubewa. A jikin matashi wannan yakan ɗauki wajen kwana 28. Asid yana sassauta abin da ya manne matattun ƙwayoyin, sai su zube da wuri. Idan asid ɗin mai sauƙi ne, fata takan yi laushi. Idan ya yi ƙarfi, yakan wuce zuwa fata mai rai ya ƙone ta.

Irin asid da ake amfani da su

Laktik yana cikin nono. Sitirik yana cikin lemun tsami. Gilaikolik ana samunsa a rake, amma na kwalba a masana'anta ake yinsa. Salisilik kuwa ana sa shi a maganin ƙurajen fuska, yawanci bai wuce kashi 2 cikin 100 ba.

Abu uku da masana'anta take aunawa

Na farko, yawan asid. A Amurka, masanan da suke duba kayan shafa sun ce laktik ko gilaikolik da mutum zai shafa da kansa kada ya wuce kashi 10 cikin 100. Amma gilaikolik da ake sayar wa masu haɗi yakan zo da ƙarfin kashi 70. Wannan yana ƙone fata cikin ƴan mintoci.

Na biyu, tsami. Ana auna shi da ma'aunin da ake kira pH, daga 0 zuwa 14. Ruwa mai kyau yana kan 7, fatar mutum wajen 5, ruwan lemun tsami kusa da 2. Duk lamba ɗaya da aka sauka, tsami ya ninka sau goma. Ke nan lemun tsami ya fi fata tsami wajen sau dubu. Masanan nan sun ce kada siram ya sauka ƙasa da 3.5. Ƙara ruwa kaɗai ba ya isa: ko an tsarma gilaikolik ya koma kashi 10, tsaminsa yana nan kusa da 2. A masana'anta ana rage tsamin da wani sinadari kaɗan-kaɗan, ana aunawa. Ido da harshe ba sa iya wannan awo.

Na uku, maganin hana lalacewa. Duk haɗin da ke da ruwa, idan ya daɗe a ɗaki mai zafi, ƙwayoyin cuta da fumfuna suna iya yaɗuwa a cikinsa. Sai a shafa su a fatar da asid ya riga ya buɗe.

Abin da yakan faru

Baƙar fata idan ta ƙone takan warke da tabo mai duhu. Tabon yakan yi watanni, wani lokaci shekaru. Mai neman haske sai ta ƙare da dabbare-dabbare. Asid kuma yana sa rana ta fi cin fata, har zuwa mako guda bayan an daina shafawa. Ruwan lemun tsami idan ya zauna a fata aka shiga rana yana iya tayar da bororo. Wasu masu haɗi suna ƙara man bilicin ko maganin ƙaiƙayi na tub mai ƙarfi. Waɗannan suna sa fata ta yi siriri, jijiyoyi su fito, rauni ya ƙi warkewa.

Haɗin gida mai sauƙi

Asid da ke cikin kindirmo wajen kashi 1 cikin 100 ne kawai. Ku dama cokali biyu na sabon kindirmo da cokali ɗaya na zuma a kwano mai tsabta. Ku fara shafa kaɗan a cikin hannu, ku wanke bayan minti 10, ku jira kwana biyu. Idan babu ja, kumburi ko ƙaiƙayi, ku shafa a fuska da yamma, ban da gefen ido. Bayan minti 10 ku wanke da ruwa mai tsabta. Sau ɗaya ko biyu a mako ya isa. Ku zubar da ragowar. Kada ku ƙara lemun tsami, kanwa ko toka. Inda fata ta bushe ku shafa man kaɗe. Wannan haɗi yana sa laushi, ba ya canja launin fata.

Kada a shafa wa yara. Kada a shafa kan rauni, kirci ko ƙuraje masu ruwa.

Idan asid ya ƙone fata

Ku cire rigar da ya jiƙa. Ku yi ta kwarara ruwa mai tsabta a wurin, aƙalla minti 20. Idan ya shiga ido, ku buɗe idon ku wanke haka nan, sannan ku tafi asibiti nan da nan. Kada ku sa kanwa, toka, man goge baki ko ƙwai. Kada ku fasa bororo. Ku rufe da ƙyalle mai tsabta, ku zo da kwalbar domin likita ya gani.

Tabon da ba na gyaran jiki ba

Ƙyasfi da makero naman gwari ne yake kawo su, kuma suna da maganinsu. Tabo mai haske wanda ba ya jin taɓawa yana iya zama farkon kuturta. Kuturta tana warkewa, maganinta kyauta ne. Haɗin asid na gyaran fata ba maganinsu ba ne, sai dai ya jinkirta magani. Ku kawo irin wannan tabo a duba.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa uku ne masana'anta take aunawa?
2. Me ya sa ƙara ruwa kaɗai ba ya kashe ƙarfin asid?
3. Idan asid ya zuba wa maƙwabciyarku a fuska, me za ku fara yi?