Amsar Tambayoyin Masu Sauraro: Me Ya Sa Takin Yuriya Ke Tsada Alhali A Gida Ake Yin Sa?

Tambayar wannan mako ta fito ne daga wani manomin shinkafa a fadamar Gashuwa, wanda yake son sanin dalilin tsadar takin yuriya alhali a Najeriya ake sarrafa shi, sannan wani ɗan kasuwa daga Nguru ya aiko da makamanciyarta, yana mai cewa manoman da a da suke ɗaukar buhu uku yanzu a mudu ake auna musu.

Yuriya taki ne da ake samarwa daga iskar gas, inda ake haɗa wani sinadari da ke cikin gas ɗin da naitirojin na iskar da ake shaƙa a sami amoniya, daga nan a mayar da ita fararen ƙwayoyin da manomi ya sani, waɗanda kashi 46 cikin 100 na nauyinsu naitirojin ne, wato abincin da ke sa ganyen shuka ya yi kore shar. Shi ya sa ƙasashe masu arhar gas, irin su Rasha da Katar da Saudiyya da Masar, suke kan gaba wajen fitar da shi, yayin da Indiya da Brazil da Amurka suke manyan masu saye.

Najeriya ma tana cikin masu fitarwa, albarkacin masana'antar Indorama da ke Eleme a Jihar Ribas da ta Ɗangote da ke Lekki a Legas, wadda aka buɗe a watan Maris na 2022 da ƙarfin samar da tan miliyan 3 a shekara. Abin da ake samarwa ya zarce abin da manoman ƙasar suke saye, kuma jiragen ruwa ne ke kwashe kaso mai yawa zuwa ƙetare, musamman Brazil. A nan amsar take, domin da dala ake yanke farashin yuriya a kasuwar duniya, kuma mai masana'anta yakan dubi abin da zai samu a waje kafin ya sayar wa dillalin Kano. Lokacin da Sin ta taƙaita fitar da taki a ƙarshen 2021, sannan yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a Fabrairun 2022, tan ɗaya ya haura dala 800; da darajar naira ta faɗi daga tsakiyar 2023 kuwa, sai sauƙin farashin da aka samu a waje daga baya ya kasa isowa gona.

Ga kuma nisa. Layin dogo ya iso Nguru tun 1930, amma a yau tirela ce ke ɗauko takin daga bakin teku, tafiyar fiye da kilomita 1,000, kuma kuɗin dizal da na lodi duk a kan manomi suke ƙarewa. Wannan gazawa ce ta cikin gida, wadda ba za a ɗora wa kasuwar duniya ba.

Abin da ke hannun manomi shi ne hana asara, domin yuriyar da aka watsa a kan ƙasa cikin zafin rana aka bar ta a fili, wani kaso nata yakan bi iska. Ya kamata a zuba ta a ƙasa mai danshi a rufe, a raba ta kashi biyu maimakon zubi ɗaya, manoma kuma su haɗa kuɗi su saya tun kafin faɗuwar damina.