Kenel, Obakulok Da zRAM: Abin Da Mai Waya A Bagudo Ya Kamata Ya Sani Kafin Ya Taɓa Cikin Wayarsa

Bidiyoyi sun cika YouTube da TikTok da zaurukan Telegram, ana nuna yadda wai za a mayar da ƙaramar waya ta koma kamar ta manyan kuɗi: a sauya mata kenel, a ƙure gudun furosesa, a ninka mata RAM. Matasa masu buga Free Fire da PUBG su ne suka fi kwaɗaituwa da wannan. Sai dai waɗannan bidiyoyi ba a ranar Bagudo ta watan Afrilu aka ɗauke su ba. Wayar da ke aljihun matashi a Lolo ko Tsamiya ko Illo tana fama da abubuwa uku a lokaci guda: zafin gari, raunin sabis, da ƙarancin wutar caji. Wannan darasi zai bayyana abin da kowane saiti ke yi, wanne ke taimakon irin wannan waya, wanne kuma ke ƙara mata ciwo.

Mene ne kenel?

Babbar manhajar Android a kan kenel ɗin Linux aka gina ta, wanda Linus Torvalds ya fara a 1991. Kenel shi ne dillali tsakanin manhajoji da ƙarafunan waya. Idan WhatsApp na son kyamara, ko wasa na son ƙarin gudu, ba kai tsaye suke ɗauka ba, sai sun bi ta hannunsa. Shi ke raba RAM, shi ke yanke gudun da furosesa za ta yi a kowane lokaci, shi kuma ke rage mata gudu idan ta ɗau zafi.

Lasisin Linux, wato GPL, ya wajabta wa duk kamfanin da ya sayar da waya da wannan kenel ya fitar da lambobin gininsa. Daga nan ne masu sha'awa ke ɗauka su gyara, su fitar da nasu, wanda ake kira kenel na musamman. Amma ba kowace waya ke da shi ba. An fi samunsa a wayoyin Redmi da Poco masu Snapdragon, da Pixel da OnePlus. Wayoyin da suka fi yawa a hannun mutanen Kebbi, wato Tecno da Infinix da itel masu MediaTek ko Unisoc, ba kasafai ake samun nasu ba. Kuma kenel ba riga ba ce da za a ara: wanda aka gina don wata waya, idan aka ɗora wa wata, ko dai ta ƙi tashi, ko allo ya daina jin taɓi.

Obakulok da lissafinsa

Obakulok shi ne tilasta wa furosesa ta wuce gudun da kamfani ya yanka mata. Misali Helio G85, wadda ke cikin Infinix Hot 10S da Redmi Note 9, tana da manyan ƙwayoyi 2 masu kaiwa 2.0GHz da ƙanana 6 masu kaiwa 1.8GHz. Mai obakulok zai so ya kai manyan 2.2GHz, ƙarin kashi 10 cikin 100 ke nan.

Ga inda gizo ke saƙar. Wutar da furosesa ke ci tana tashi daidai da gudu, amma tana tashi ninki a kan ninki da ƙarfin lantarkin da aka ba ta. Ƙarin gudu kuwa yakan buƙaci ƙarin ƙarfin lantarki, in ba haka ba wayar ta riƙa mutuwa tana tashi. Idan aka ƙara gudu da kashi 10, aka ƙara ƙarfin lantarki da kashi 10, lissafin shi ne 1.1 sau 1.1 sau 1.1, wato 1.33. An samu ƙarin gudu kashi 10, an biya da ƙarin cin wuta kashi 33, kuma kusan duk wutar nan zafi take komawa.

Waya ba ta da fanka. Ta jikinta kawai take fitar da zafi, kuma hakan ya dogara da yadda iskar waje ta fi ta sanyi. A ɗaki mai digiri 22 akwai inda zafin zai tafi. A Bagudo, inda rana ke haura digiri 40 a watannin Maris da Afrilu, kusan babu. Da zarar ma'aunan zafi sun kai iyaka, kenel zai sauke gudun da kansa don kare wayar. Sakamakon shi ne wayar da aka yi wa obakulok ta yi gudu na 'yan mintoci, sannan ta faɗo ƙasa da inda take tun asali, wasa ya fara tsinkewa daidai lokacin da aka shiga artabu.

Wasu kenel ɗin ma cire wannan kariya suke yi gaba ɗaya, su kira shi yanayin wasa. Wannan shi ne mafi haɗari. Batirin litiyom ba a so a caja shi sama da digiri 45, kuma zafi mai ɗorewa na rage masa rai, har ya kumbura ya ɗaga bayan waya.

Zafin bakin iyaka

Akwai wani zafin da ba daga furosesa yake fitowa ba. A garuruwan iyaka kamar Tsamiya mai kallon Segbana, da Lolo mai kallon Madekali ta hanyar Malanbil, mutane da dama na riƙe da layi biyu a waya ɗaya: na Najeriya kamar MTN ko Airtel, da na Benin kamar Moov Africa ko Celtiis, saboda ciniki da 'yan uwa na tsallake. Idan eriya ta yi nisa, wayar na ƙara ƙarfin watsawa don ta isa gare ta, idan kuma sabis ya ɗauke ta yi ta lalube. Duka biyun na cin batir suna haifar da zafi. Ga kuma teburin mai cajin waya, inda ake jera wayoyi kan juna a ƙarƙashin rufin kwano.

A nan ya kamata a gane wani abu. Sashen da ke kama sabis yana da tasa manhajar daban, wadda kamfanin furosesa ya rufe. Sauya kenel ba ya ƙara sandar sabis ko guda. Duk wanda ya tallata kenel mai ƙara netwok, zance ne kawai. Abin da ke taimakawa ba ya buƙatar rut: a kashe layin da ba a amfani da shi a lokacin, a kuma zaɓi kamfanin layi da hannu maimakon barin wayar tana zaɓa da kanta, don kada ta riƙa tsallakawa kan eriyar Benin.

zRAM: matse kaya a cikin RAM

Yawancin nauyin da ake ji a ƙananan wayoyi ba na gudu ba ne, na cikar RAM ne. Mutum ya fita daga manhajar banki don kwafo lambar asusu a WhatsApp, ya dawo ya tarar ta fara daga farko. Abin da ya faru shi ne RAM ta cika, sai wani mai gadi a cikin Android, lmkd, ya kashe manhajar da ke baya don a samu wuri.

zRAM ita ce dabarar rage wannan. Nitin Gupta ne ya fara ta da sunan compcache, Android ta fara tallafa mata a KitKat a 2013, ta kuma zama cikakken ɓangaren Linux a 2014. Aikinta kamar mai ɗura auduga a buhu ne: kayan da ba a taɓa ba na ɗan lokaci sai a danne su a ajiye a wani lungu na RAM ɗin, idan an buƙace su a warware. Yawanci kaya na matsuwa zuwa rabi ko kashi ɗaya cikin uku. Misali, idan aka matse 1.5GB ya koma 500MB, an samu filin 1GB ba tare da an kashe manhaja ko ɗaya ba.

Abubuwa uku ake saitawa:

1. Girma. Adadin kayan da zRAM za ta karɓa kafin matsewa. Rabin RAM wuri ne mai kyau na farawa, wato 2GB a waya mai 4GB. Idan ya yi yawa, furosesa za ta shagala da matsewa da warwarewa, zafi ya ƙaru.

2. Salon matsewa. lz4 ya fi sauri kuma ya fi sauƙi ga furosesa, zstd ya fi matsewa amma ya fi cin ƙarfi. Ga ƙaramar waya a gari mai zafi, lz4 ya fi dacewa.

3. Swappiness. Lamba ce mai nuna yadda kenel zai yi saurin tura kaya zRAM. Asalinta a Linux 60 ne, iyakarta 100, daga Linux 5.8 aka kai iyakar 200. Da zRAM, 100 ya wadatar.

Kada a haɗa wannan da MemFusion na Tecno da Infinix, ko Memory Extension na Xiaomi. Waɗannan aro suke yi daga ma'ajiyar waya, shi ya sa kwali ke cewa 4GB+4GB. Ma'ajiya, musamman irin eMMC da ke cikin wayoyi masu araha, ta fi RAM nawa nesa ba kusa ba, kuma yawan rubutu na gajiyar da ita. Waya mai 4GB+4GB ba ta zama mai 8GB ba.

Yadda ake dubawa da saitawa

Kusan duk wayar Android ta yanzu da zRAM a kunne take zuwa. Don gani, a sauke Termux a rubuta:

cat /proc/meminfo

Layin SwapTotal zai nuna girmanta, SwapFree kuma abin da ya rage. Idan SwapFree na da saura da yawa duk da an buɗe manhajoji, ƙara girma ba zai amfana komai ba.

Sauya saitin yana buƙatar rut, amma ba ya buƙatar sabon kenel. Bayan an rubuta su a Termux an samu izini, sai a bi wannan jeri:

swapoff /dev/block/zram0
echo 1 > /sys/block/zram0/reset
echo lz4 > /sys/block/zram0/comp_algorithm
echo 2G > /sys/block/zram0/disksize
mkswap /dev/block/zram0
swapon /dev/block/zram0
echo 100 > /proc/sys/vm/swappiness

A rufe manhajoji kafin layin farko, domin duk abin da ke cikin zRAM zai dawo RAM. Waɗannan saituna na gogewa idan aka kashe waya aka kunna, kuma hakan alheri ne: a gwada kwana biyu ko uku kafin a mayar da su na dindindin. Mai rut zai iya amfani da Franco Kernel Manager ya yi akasin obakulok, wato ya sauke iyakar manyan ƙwayoyi daga 2.0GHz zuwa wajen 1.8GHz. Lissafin nan na sama sai ya juya ya zama riba: ɗan ragin gudu, babban ragin zafi, wasa ya tafi bai ɗaya.

Abin da za a iya rasawa

Rut da Magisk ko KernelSU yana farawa da buɗe butloda, kuma buɗe shi na goge komai: hotuna, lambobi, saƙonni. A wayoyin Samsung yana ƙona alamar Knox har abada, Secure Folder ya daina aiki. Garanti ma na iya faɗuwa.

Na biyu, Google na da tsarin Play Integrity da manhajoji ke tambaya ko an taɓa waya. Manhajojin banki da na tura kuɗi da yawa na ƙin buɗewa idan amsar ba ta yi musu ba. Ga ɗan kasuwar da ke karɓar naira a wannan gefe da sefa a wancan, ko mai POS, wannan asarar ciniki ce.

Na uku shi ne mafi muni. Lambar IMEI da bayanan eriya suna zaune a sassan nvram da nvdata a wayoyin MediaTek, ko EFS a na Snapdragon. A wayoyin MediaTek, danna zaɓin Format All a SP Flash Tool na share su. Wayar za ta tashi lafiya, amma babu layin da zai kama, sai an nemi ƙwararre a Birnin Kebbi ko Sakkwato, wani lokaci har kasuwar Farm Centre a Kano. Garin gyaran gira ke nan an rasa ido.

Don haka wanda ya dage sai ya gwada, ya kiyaye waɗannan:

1. Kada ya yi a wayar da yake banki da ita. Ya nemi tsohuwa.
2. Ya adana asalin boot.img da sassan IMEI a kwamfuta kafin komai.
3. Ya tabbatar kenel ɗin na lambar wayarsa ne da sigar Android ɗinsa, ba na mai kama da ita ba.
4. Batir ya haura kashi 60, domin ɗaukewar wuta ana tsakiyar filashin na iya kashe waya.
5. Kada ya taɓa kashe kariyar zafi.

Wanda kuma waya ɗaya gare shi, akwai abin da zai yi yau ba tare da kasada ba. Ya danna Build number sau 7 don buɗe Developer options, ya shiga Running services ya ga manhajojin da ke cinye RAM, ya cire waɗanda ba ya buƙata. Ya koma Facebook Lite, ya sauke ingancin hoton wasa, ya cire rigar waya lokacin caji, kada kuma ya yi wasa tana jone da caja. A yanayin Bagudo, waɗannan za su ba shi abin da ƙarin 200MHz ba zai ba shi ba.