Darasi Na 18: In An Kira Ka A Waya An Ce Asibiti Na Bin Ka Bashi

A da, in mutum yana bin ka bashi, da ƙafarsa ya ke zuwa. Ya yi sallama a ƙofar gida, ka fito, ka gan shi, ya gan ka. Maƙwabta sun san shi, mai unguwa ma ya san shi. Yanzu zamani ya sake. Tun shekarar 2001 da wayar hannu ta shigo Nijeriya, mutum yana iya yi maka magana daga Ikko, ko kuwa daga bayan gidanka, kai ba ka san ko wane ne ba. Murya kaɗai ka ke ji.

Darasinmu na yau a kan irin wannan kira ne. Baƙuwar lamba ta kira ka, an ce maka asibiti na bin ka kuɗi. Me za ka yi? Karanta wannan misali a hankali.

Labarin wani manomi

Wani manomi ne, ɗan ajin yaƙi da jahilci. Matarsa ta zo haihuwa, abin ya yi tsanani, aka kai ta babban asibiti, aka yi mata aiki. Ta yi kwana 9 a kwance. Ya sayar da masara da akuya ya biya, aka sallame su, suka komo gida lafiya.

Bayan wata 2, ran nan da hantsi yana gona, sai wayarsa ta yi ƙara. Ya duba, bai san lambar ba. Ya ɗauka. Mai kiran ya yi sallama, ya ambaci sunan manomin, ya ambaci sunan matarsa. Sa'an nan ya ce, "Daga asibiti ne. An duba littafi, an ga da sauran naira 38,000 a kanka. Zan aiko maka da lambar asusu. In la'asar ta yi ba ka biya ba, 'yan sanda za su zo har gida."

Gaban manomi ya faɗi. Ya ajiye fartanya, ya koma gida, ya ɗauko kuɗin taki da ya ɓoye, ya nufi wurin mai POS a bakin kasuwa. A hanya ya gamu da malamin ajinsu.

Malam ya ce, "Baba, lafiya na gan ka kana sauri haka da rana tsaka?"

Manomi ya ce, "Ina fa lafiya, Malam." Ya kwashe labari ya gaya masa.

Malam ya ce, "Da ka biya a asibiti, an ba ka rasit?"

Ya ce, "An ba ni har 3. Suna cikin adaka."

Malam ya ce, "To, Baba, mu fara ta nan. Kuɗin ba za su gudu ba."

Suka tafi gida. Manomi ya ɗauko takardu, ya karanta da kansa, yana bin baƙaƙe da yatsa. Takardar lissafi ta ce: gado naira 9,000, aiki naira 85,000, magani naira 21,500, ƙarin jini naira 14,500. Jimla naira 130,000. Sa'an nan ya tara rasit: 60,000 da 45,000 da 25,000. Su ma 130,000 cif.

Malam ya ce, "Bari kuma mu duba asusun da ya aiko." Suka je wurin mai POS, ya buga lambar ba tare da an tura ko kwabo ba. Sunan da ya fito na wani mutum ne, babu sunan asibiti ko kusa.

Kashegari manomi ya hau mota ya tafi asibiti da takardunsa. Akawu ya buɗe littafi, ya ce, "Baba, ba ma bin ka kome, kuma ba mu muka kira ka ba." La'asar ta jiya ta wuce, ba ɗan sandan da ya zo. Kuɗin mota kaɗai ya kashe, kuɗin taki kuwa suka koma gona.

Masu kira iri 3 ne

Kada ka ɗauka kowane kira ƙarya ne. Mai kiranka ba ya wuce ɗayan uku.

Na farko, mai gaskiya. Watakila an sallame ka da ragowar kuɗi, ko kuwa ka tsaya wa wani ɗan'uwa ka sa hannu, aka rubuta lambarka.

Na biyu, mai kuskure. Sunaye suna zuwa ɗaya. Akawu yana iya sauya lamba guda wajen rubutu. Kuma in layin waya ya daɗe ba a aiki da shi, kamfani yakan sake sayar wa wani. Watau yana yiwuwa tsohon mai layinka a ke nema.

Na uku, macuci. Shi ne wanda a ke kira ɗan damfara, ko ɗan 419. Wannan lamba ta samo asali ne daga sashe na 419 na dokar laifuffuka ta Nijeriya, wanda ya yi magana a kan karɓar dukiyar mutane da yaudara.

Kada sanin sunanka ya ruɗe ka. Suna ba asiri ba ne. 'Yan dubiya sun ji shi, an kira shi da ƙarfi a layin ganin likita, watakila wani ɗan'uwa ya sa shi a Facebook ko WhatsApp yana roƙon addu'a. Takardar da ka yar a bola ma tana ɗauke da shi.

Da murya kaɗai ba ka iya rarrabe waɗannan uku. Saboda haka hanya guda za ka bi da su duka.

Abin da za ka yi sa'ad da a ke maganar

1. Ka natsu. Ka amsa sallama da ladabi. Kada ka yi zagi, kada kuma ka yi alkawari.

2. Ka ɗauko fensir da takarda. Ka tambaye shi sunansa, da aikinsa, da sunan asibitin, da sunan majiyyacin, da ranar da aka kwantar da shi, da lambar katinsa, da yawan kuɗin. Ka rubuta duk, har da lambar da ta kira ka da ranar.

3. Kai ne mai tambaya, shi ne mai amsa. In ya ce, "Faɗa mini lambar katin in duba," ka ce, "Ai littafi yana gabanka, kai za ka faɗa mini."

4. Kada ka ce ka yarda da bashin, kada kuma ka rantse babu shi. Ka ce kurum, "Na ji. Zan zo asibiti da kaina."

5. Ka kashe waya. Wannan ba rashin kunya ba ne.

Abubuwan da ba a faɗa wa kowa a waya

Akwai lambobin da su ke kamar mabuɗin rumbunka. Ga su: lambar sirri ta katin ATM, mai alƙaluma 4, doguwar lambar da ke jikin katin, da 3 ɗin da ke bayansa, lambar BVN, wadda Babban Bankin Nijeriya ya fito da ita a 2014, mai alƙaluma 11, lambar NIN ta shaidar ɗan ƙasa, ita ma 11, da gajeriyar lambar da banki ke aiko maka ta saƙo in za a cire kuɗi.

Mai karɓar bashi na gaskiya ba ya bukatar ko ɗaya daga cikinsu. Wanda ya tambaye ka su, asusunka ya ke so ya yashe.

Alamun macuci

Macuci yana son gaggawa. Kullum maganarsa "yanzu-yanzu" ce, domin ya san in ka kwana ka yi shawara, asirinsa ya tonu. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa.

Macuci yana tsoratarwa da kamu. Ka sani, Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana a kama mutum a kan bashi zalla, ta kuma hana a kama wani a madadin wani. Maganar bashi ta kotu ce, kotu kuwa da takardar sammaci ta ke kira.

Macuci yana ba da asusun mutum ɗaya, ko ya ce ka sayi katin waya ka karanto masa lambar. Kuɗin asibiti a ofishin kuɗi na asibiti a ke biya, ko a asusun da ofishin ya ba ka a rubuce, a kuma ba ka rasit mai hatimi.

Macuci yana cewa, "Kada ka gaya wa kowa," ko kuwa, "Ba sai ka zo ba." Akawun gaskiya murna ya ke yi in ka ce za ka zo.

Akwai kuma wata dabara mai kama da wannan. A kira ka a ce ɗanka ya yi haɗari, ba za a taɓa shi ba sai ka turo kuɗi. Ka kashe waya, ka kira ɗan naka, ko wanda ya ke tare da shi. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin ba da taimakon gaggawa ga wanda ransa ke cikin haɗari. In da gaske ne, wurinsa za ka nufa.

A asibiti

Gani ya kori ji. Ka ɗauki katin asibiti da rasit duka, ka tafi ofishin kuɗi. In asibitin yana da nisa, ka kira lambar da ke jikin katin ko rasit, ko ka aiki wanda ka amince da shi. Kada ka kira lambar da baƙon ya ba ka, domin shi ko abokinsa za ka samu.

Ka roƙi a ba ka lissafi dalla-dalla: gado nawa, magani nawa, awo nawa. Wannan hakkinka ne. A 2018 Gwamnatin Tarayya ta fito da takardar hakkokin majiyyata, a ciki har da hakkin a bayyana wa majiyyaci kuɗin da a ke cajinsa a fili. Ka gwada lissafinsu da rasit ɗinka, ɗaya bayan ɗaya.

Ba mu kaɗai ke bin wannan hanya ba. A Amurka asibitoci sukan miƙa bashi ga kamfanoni waɗanda sana'arsu ke nan, karɓar bashi. Damun mutane ya yi yawa, har aka kafa doka a 1977. Dokar ta ce mai karɓar bashi ya aiko da bayani a rubuce cikin kwana 5 bayan ya fara tuntuɓar mutum. Mutumin yana da kwana 30 ya rubuta musu cewa bai yarda ba, su kuwa tilas su dakata sai sun kawo shaida. An kuma hana su kira kafin ƙarfe 8 na safe ko bayan ƙarfe 9 na dare. Wannan dokarsu ce, ba tamu ba. Amma ka lura, can ma takarda aka sa ta raba gardama.

In bashin gaskiya ne

To, sai ka biya. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ba abin kunya ba ne. Kuɗin da ka biya da su za a sayo maganin da za a ba wani. In ba ka da hali yanzu, kada ka ɓuya, kada ka sake layi. Ka ga shugaban ofishin kuɗi, ka faɗi gaskiyar halinka, ka roƙi a raba maka biya kaɗan-kaɗan. Manyan asibitoci da yawa suna da ofishin jin daɗin jama'a mai duba lamarin marasa ƙarfi, ka tambaya. Duk abin da aka shirya a rubuta shi, kowane biya kuma da rasit ɗinsa.

Rubuta bashi ba baƙon abu ba ne a gare mu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, watau ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta ke.

In kuwa ka riga ka tura

Kada kunya ta sa ka yi shiru. Ka garzaya bankinka a ranar, ka nuna musu takardar POS ko saƙon da ya shigo wayarka. In ka faɗi lambar sirri, ka ce a rufe katin nan take. Sa'an nan ka kai ƙara wurin 'yan sanda, ko hukumar EFCC wadda ta fara aiki a 2003 domin yaƙi da zamba. Ba kullum kuɗi ke dawowa ba, amma wanda ya yi sauri ya fi sa rai. Ka kuma gaya wa mai unguwa da liman su sanar da jama'a.

Ka sami gwangwani mai murfi ko leda mai kauri, ka riƙa tara takardun asibiti a ciki, inda gara da ruwa ba su kai. Manomin nan da bai ajiye rasit ba, kuma bai iya karanta su ba, da bana gonarsa ba ta ga taki ba.

Tambayoyi

1. Masu kira iri nawa ne? Faɗe su.
2. Me ya sa sanin sunanka bai isa shaida ba?
3. Kawo lambobi 3 waɗanda ba a faɗa wa kowa a waya.
4. Wace lamba za ka kira in kana son jin gaskiya daga asibiti?
5. In bashin gaskiya ne, kuma ba ka da kuɗi, me za ka yi?

Lissafi

Asibiti ya rubuta wa wata mata naira 74,000. Tana da rasit 3: na 30,000, da na 25,000, da na 12,500. Nawa ya rage a kanta? Wani ya kira ta ya ce saura naira 20,000. Nawa ya ƙara?

Rubutu

Kwafi wannan a littafinka sau 3: Ba na biya a waya. Zan zo da rasit ɗina.