FILIN MANOMA: Yadda A Ke Ɗaura Ƙoton Gashi A Ƙugiya

Kowane mai fatsa a Gulbin Gagare wajen Ƙauran Namoda da Shinkafi, ko a Gulbin Bunsuru wajen Zurmi, ya san wahalar ƙoto. Da damina tana a ko'ina ta ke. Amma da ruwa ya ɗauke, ƙasa ta bushe, sai ta nutse can ƙasa, mutum ya ɓata hantsinsa wajen tono bai cika gwangwani ba. Ga shi kuwa lokacin ne gulbi ke janyewa, kifi ya taru a gurabe, manomi kuma ya fara samun sararin neman na miya.

Akwai dabarar da ke rage wannan wahala, watau a ɗaura gashin tsuntsu da zare a jikin ƙugiya har ta yi kama da ƙwaro. Kifi ya gani, ya zaci fara ce ta faɗo ruwa, ya kai bara. Dabarar ba ta yau ba ce. Wajen shekara ta 200 bayan haihuwar Annabi Isa wani marubucin Rum mai suna Iliyan ya ba da labarin masuntan Makidoniya da ke naɗa jan ulu a ƙugiya, su haɗa da gashin zakara biyu. A 1496 an buga wani littafi a Ingila mai bayanin iri 12. Yau a Kenya sana'a ce sosai, a na ɗaurawa da hannu a na sayar wa Turai da Amurka.

KAYAN AIKI

Ba sai an aika Kano ba. Ga abin da a ke bukata: ƙugiya mai ɗan zobe a ka, wadda tsawonta bai wuce inci 1 ba, zaren ɗinki mai ƙarfi, kakin zuma, guntun ulu na tsohuwar rigar sanyi, ko zaren ɗinkin hula, gashin zabo, gashin wuyan zakara, almakashi ko reza, da ɗan gam. Ƙugiya da zare a kan samu a kasuwa, kamar ta Shinkafi ran Alhamis. Gashi kuwa sai a tsinta wajen masu fiɗar kaji.

Aikin na hannu biyu ne, saboda haka sai a sami abin da zai riƙe ƙugiya. A kama gwiwarta da filaya, a ɗaure hannun filayar da roba, a danne ta da dutse a kan benci.

YADDA A KE ƊAURAWA

1. A goga wa zare kaki don kada ya zame. A fara naɗi daga bayan zobe, a bar fili kamar ƙwayar dawa, a bi sandar ƙugiya har inda ta fara lanƙwasa.

2. Wutsiya. A tsinko sili 5 ko 6 daga gashin zabo, a aza su a wurin, a naɗe gindinsu sau 4. Kada wutsiya ta fi sandar ƙugiya tsawo.

3. Jiki. A ɗaure bakin ulu a gindin wutsiya, a koma da zare wajen zobe. Sa'an nan a naɗo ulu a bi bayansa, kowane naɗi na taɓa ɗan'uwansa. A danne shi da zare, a yanke saura.

4. Ƙafafu. A ɗauki gashin wuyan zakara guda, a fige lallausan da ke gindinsa, a ɗaure gindin a ƙarshen jiki. A kama tsininsa a kewaya ƙugiya da shi sau 3. Silinsa za su miƙe kamar ƙafafun ƙwaro. A danne da zare, a yanke.

5. Kai. A filin nan da aka bari, a naɗa zare har ya yi ɗan dunƙule, a ƙulla sau 3, a ɗiga gam. A zura allura a zobe don kada gam ya toshe shi.

KURAKURAN MAI KOYO

Uku ne, kusan kowa sai ya yi su. Na fari, yawan kaya. Sabon hannu ya kan ga kamar in ya cika gashi kifi zai fi sha'awa, har ya rufe bakin ƙugiya. Kifi ya cafka ya tofar, ba abin da ya kama shi. Lalle tsini da kunnen ƙugiya su zauna a fili. Na biyu, sako-sakon naɗi. In an gama a murɗa jikin da yatsa biyu. Kadan ya juya, a sa reza a kankare, a sake. Na uku, cinye filin kai, har a rasa inda za a ƙulla.

Maganinsu ɗaya ne: mai koyo ya tsaya a kan iri guda, ya ɗaura 10 ko 12 kafin ya taɓa wani. Ya ajiye na farkon, ya gwada shi da na ƙarshe, zai ga bambanci da idonsa. Sannu ba ta hana zuwa.

INDA YA KE AMFANI

Amma fa a sani, ƙoton gashi ba shi da ƙanshi, da ido kifi ke ɗaukarsa. Tarwaɗa da kurungu, da ke laluben abinci da gashin baki a ƙasan ruwa, tana ce maganinsu. Wanda a ke nema da shi kawara ce, wadda ke cin ƙwari a bisa ruwa, wani lokaci da karfasa. In ruwa na da tsage, a sa ɗan siririn waya tsakanin ƙugiya da zare, gama haƙoransa na yanke zare. Haka kuma jan ruwan damina ba ya yi. Sai kaka, daga Oktoba, sa'ad da ruwa ya kwanta ya yi garau.

Tun da ya ke ƙoton ba shi da nauyin da za a jefa shi nesa, a nemi doguwar gora, a ɗaura zaren nailan daidai tsawonta. A tsaya inda inuwar mutum ba ta faɗa ruwa, a sauke ƙoto a hankali gefen ciyawa, a riƙa ɗan girgiza shi kamar ƙwaro mai neman tashi. Da sassafe da la'asar sun fi.

Kafin a sa ƙugiya a kowane gurbi a nemi iznin Sarkin Ruwa, domin akwai wuraren da a ke tsarewa sai ranar su. Kuma saboda rashin tsaron da ya dami wannan yanki, kada mutum ya yi nisa da gari, kada ya tafi shi kaɗai.

Wanda ya koyi ɗauri yanzu, ya tara 'yan ƙugiyoyinsa a kwalin ashana, ranar da tana ta ɓuya ba zai koma gida da gora kaɗai ba.