Darasin Kiwon Lafiya: Yadda Ake Zaɓen Kayan Jariri Marasa Cutarwa

A ƙasar Daura, idan mace ta haihu, kaya sukan taru a ɗakinta. Maigida ya sayo nasa, dangi su kawo na barka, ranar suna kuma a ƙaro wasu. Akwai sabulu da mai da hoda, akwai turare da kwalli da riguna. Wasu an sayo su a cikin garin Daura, wasu a kasuwar Mai'aduwa, wasu kuma a Zango ko Baure ko Sandamu. Duk mai kawowa alheri yake nufi. Amma a cikin kayan nan akwai masu amfani, akwai kuma masu cutar da jariri.

Jikin jariri ba kamar na babba ba ne. Fatarsa ba ta da kauri, don haka abin da aka shafa masa yana iya ratsawa ya shiga jininsa. Hantarsa da ƙodarsa ba su yi ƙarfin fitar da guba ba. Ga shi kuma duk abin da ya taɓa, baki yake kaiwa. Abin da ba zai dami babba ba yana iya kwantar da jariri, ko ma ya kashe shi.

Wasu suna cewa duk kayan gargajiya lafiya ne. Wasu kuma suna cewa duk abin da ya zo cikin kwali mai kyau lafiya ne. Duka biyu kuskure ne. Abin dogara shi ne wanda aka san abin da ke cikinsa.

Kwalli

An saba sa wa jariri kwalli don ado, da kuma don a gyara masa ido. Yawancin kwallin da ake sayarwa a kasuwa daga wani dutse mai ƙyalli ake niƙa shi, kuma dutsen nan cike yake da dalma. Dalma guba ce. Jariri yakan murza idonsa ya sa hannu a baki, ta haka take shiga cikinsa. Da farko ba a ganin alamar komai. A hankali take taɓa ƙwaƙwalwa, sai yaro ya taso ba ya riƙe karatu. Idan ta yi yawa tana kawo suma da jijjiga.

A shekarar 2011, likitoci a birnin Boston na ƙasar Amurka sun sami dalma da yawa a jinin wani jariri ɗan wata 6 wanda iyayensa 'yan Nijeriya ne. Da suka gwada kwallin da ake sa masa, sai suka tarar fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ce. A shekarar 2010 kuma, gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara. Wannan daga niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje ta fito, ba daga kwalli ba. Amma gubar iri ɗaya ce, kuma ta nuna yadda take yi wa ƙananan yara.

Malamai sun ambaci kwallin dutsen ismidi. Sai dai sau da yawa abin da ke kasuwa ba shi ba ne, kuma ido ba ya iya bambancewa. Saboda haka a bar idon jariri yadda Allah ya yi shi. Idan yana kwantsa ko ya yi ja, a kai shi asibiti.

Cibiya

Cibiyar jariri ƙofa ce a buɗe. Idan datti ya shiga ta nan, yana iya kawo ruɓewa ko ciwon sarƙewar haƙora, wanda ma'aikatan asibiti ke kira tetanus. A yanke cibiya da sabuwar reza, a ɗaure da zare mai tsabta. Kada a sa mata toka, ko gishiri, ko kashin shanu, ko man goge baki, ko man zafi. Kada a gasa ta da tsumma mai zafi don ta yi saurin faɗuwa. Za ta bushe ta faɗi da kanta cikin mako ɗaya zuwa biyu.

Akwai man cibiya da ake bayarwa a asibiti, sunansa Chlorhexidine. Uwa ta wanke hannu da sabulu, ta shafa shi a kan cibiya sau ɗaya a rana, kamar yadda ma'aikaciyar lafiya ta nuna mata. A kiyaye sosai: na cibiya ne kaɗai. Idan aka sa shi a ido yana makantarwa.

Mai da sabulu

Man kaɗanya tsantsa, wanda ba a gauraya da komai ba, yana da kyau ga fatar jariri, musamman lokacin hunturu. A saye shi wurin wadda aka sani, a ajiye shi cikin mazubi mai murfi. Sabulu kuwa a nemi marar ƙamshi, marar zafi, a yi amfani da kaɗan. Idan sabulun salo yana sa fatar jariri ta yi ja ko ta bushe, a daina. Ma'aikatan lafiya suna ba da shawara a jinkirta wankan farko har jariri ya kwana ɗaya, don kada sanyi ya kama shi. A goge shi da zane mai tsabta, a ɗora shi a ƙirjin uwarsa, a lulluɓe su.

Babban haɗari shi ne man sa fari. Wasu iyaye suna shafa wa yara don su yi haske. A cikin irin wannan mai akan sami zaiba, wadda ke lalata ƙoda, da wasu magunguna masu ƙarfi da ke cinye fata har ta riƙa tsagewa. Mafi muni shi ne man haɗi da ake zubawa a roba ba suna, ba rubutu. Ba wanda ya san abin da ke ciki, wani lokaci har mai sayarwar. Launin da yaro ya zo da shi ba ciwo ba ne, ba ya bukatar magani.

Kafur da hoda

Mata da yawa suna sa ƙwallon kafur a cikin akwatin kayan jariri don ƙamshi da korar kyankyasai. Akwai yara da yawa, musamman maza, da aka haifa da jinin da ba ya jure kafur. Warinsa kawai a jikin riga yana iya farfasa ƙwayoyin jininsu, sai shawara ta kama su. Ido ya yi rawaya, jiki ya yi rawaya. Shawara mai tsanani tana taɓa ƙwaƙwalwa, tana kurumtar da yaro. Duk kayan da suka kwana da kafur a wanke su tas, a shanya a rana kafin a sa wa jariri. Idan an ga rawaya a idonsa, a tafi asibiti a ranar. Can ana sa shi ƙarƙashin wata fitila ta musamman. Jiƙo da ruwan sukari ba sa maganin wannan.

Hoda kuma jariri yana shaƙarta ta shiga huhunsa. Turaren wuta mai yawa a rufaffen ɗaki ma haka. Abin da ke hana ƙurajen zafi da kurjewar cinya shi ne sauya tsumma da zarar ya jiƙe, da wanke wurin da ruwa, da barin iska ta sha shi.

Maganin haƙori

Fitowar haƙori ba ciwo ba ce. Yaro yakan yi dalala, ya yi 'yar rigima, ya so cizon abu. Idan yana gudawa ko zazzaɓi mai zafi, wani ciwo ne daban, sai a nemi dalilinsa a asibiti.

A ƙarshen shekarar 2008 zuwa farkon 2009, wani maganin haƙori na ruwa mai suna My Pikin ya kashe yara 84 a Nijeriya. An sami wani sinadari mai guba a cikinsa, irin wanda ake sawa a man birkin mota. Ƙodar yaran ta daina aiki, fitsari ya ɗauke. An ga irin waɗannan yara har a asibitin koyarwa na Zariya. Kafin wannan, a shekarar 1990, gubar nan ta kashe yara fiye da 100 a Jos da Ibadan ta hanyar maganin zazzaɓi na ruwa. A shekarar 2022 ma yara kusan 70 sun rasu a ƙasar Gambiya bayan sun sha maganin tari mai irin wannan guba. Iyayen duk sauƙi suke nema wa 'ya'yansu. Don haka kada a ba jariri kowane irin magani sai wanda ma'aikacin lafiya ya rubuta. Kada a saya a hannun mai talla da ke yawo da magani cikin rana.

Abinci da mazubi

Nonon uwa ya ishi jariri har wata 6. Ko a tsakiyar bazara ba ya bukatar ruwa, domin akwai isasshen ruwa a cikin nono. Dakashi, wato nonon farko mai kauri, kada a matse a zubar. Shi ne rigakafin farko na jariri. Zuma abinci ce mai kyau, amma kada a ba yaro sai ya cika shekara ɗaya, domin takan ɗauko wata ƙwayar cuta da hanjin jariri bai iya kashewa.

Bulumboti yana da wuyar wankewa. Datti yakan maƙale a bakinsa ya kawo gudawa. Ƙaramin kofi da cokali sun fi, in dai ana wanke su da sabulu da ruwa mai tsabta.

Tufafi da wurin kwana

Riga da zanen goyo da majanyi na auduga sun fi na roba, domin suna shan gumi. A wanke sabon kaya kafin a sa. Idan ana goyo, a tabbata hancin jariri a sarari yake. A kwantar da shi rigingine a kan shimfiɗa mai ɗan tauri, ba matashi. Kada a rataya masa igiya a wuya. A nisanta shi da leda, da tsakiya, da ƙananan batura, da kayan wasa masu ɓanɓarewar fenti.

Maganin sauro mafi dacewa shi ne gidan sauro mai magani. Idan sabo ne, a shanya shi a inuwa kwana ɗaya kafin a ɗaura. Fiya-fiya da sauran magungunan feshin gona ba na ɗaki ba ne. A shekarar 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da irinsu a kasuwanni da kantunan kayan masarufi. Kada a zuba su, ko kananzir, a kwalbar lemo. Lokacin sanyi kuma, kada a rufe ɗaki da garwashi a ciki, domin hayaƙinsa da ba a gani yana kisa.

Amfanin karatu a wurin saye

Nan ne ɗalibin yaƙi da jahilci zai ci moriyar karatunsa. Gwamnati ta kafa hukumar NAFDAC a shekarar 1993 don ta riƙa duba abinci da magani da kayan shafa. Kafin a biya kuɗi, a juya kwali a duba abu huɗu:

1. Sunan kamfani da adireshinsa.
2. Lambar NAFDAC.
3. Ranar lalacewa. Ana rubuta ta bayan haruffan EXP. Misali, EXP 08/2027 yana nufin kayan zai lalace a wata na 8, wato Agusta, na shekarar 2027.
4. Murfi. A tabbata ba a taɓa buɗe shi ba.

Idan ɗaya daga ciki babu, a ajiye kayan. Kayan da ke shigowa ta kan iyaka, kamar ta Kwangwalam, sau da yawa rubutunsu da Faransanci ne. Idan ba a gane ba, a nuna wa ma'aikacin lafiya. A kuma sani cewa macuta suna buga lambar ƙarya, don haka a saya a kantin da aka sani. Kada a yi wa kwali mai sheƙi kallon kitse, alhali rogo ne.

Aikin kowa ne

Sau da yawa mai jego ba ita ke yanke shawara ba, balle mai haihuwar fari da ta je wankan gida. Kaka da gwaggo da ungozoma su ke wanka da shafa. Maigida shi ke zuwa kasuwa. Saboda haka ya kamata wanda ya karanta wannan darasi ya karanta wa mutanen gidansa, cikin ladabi, ba da raini ba. Iyaye sun yi abin da suka sani, kuma da yawa daga cikinsa mai kyau ne, kamar goyo da shayarwa da man kaɗanya. Kuɗin da za a kashe wurin sayen hoda da turare da kwalli gara a tanade shi don zuwa awo da allurar rigakafi. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Wace guba ake samu a cikin yawancin kwalli, kuma me take yi wa yaro?
2. A faɗi abubuwa uku da ba a sa wa cibiyar jariri.
3. Me ya sa ba a ajiye kafur cikin kayan jariri?
4. Me ake nufi da EXP 03/2028?
5. A ɗauko kwalin sabulu ko na magani a gida, a nemo lambar NAFDAC, a rubuta ta a littafi, a kawo wa malamin aji.